Waken da Na Rufe a Tulu

Shekarar da na fara noma gayaunata a ƙauyen mijina, kusa da Gagarawa, 'yata ta fari tana rarrafe. Wake na shuka, farin nan mai ƙananan ƙwaya da na taho da shi daga gidanmu na Sule Tankarkar. Yana nuna da wuri, tun gero bai isa yanka ba, kuma babu mai irinsa a garin.

Da kaka na roro shi, na buge, na sheƙe, na ware kwano huɗu na iri. Ran nan maigida ya dawo daga kasuwar Maigatari da ƙwayar maganin ƙwari a ƙulle cikin leda, ya ce in kawo a jefa min a buhu. Ni kuwa ɗaki ɗaya gare ni. Nan irin zai zauna, nan yarinya take wuni, kuma duk abin da ta tsinta baki take kai shi.

Na ce, “Malam, ka yi haƙuri, ban da ɗakina.”

Ya ce, “To ƙwaro ya cinye, ki shuka gari. Kada dai ki zo min da kuka da damina.”

Sai na yi yadda na ga kakata tana yi. Na shanya waken kwana uku, har sai da ya yi ƙas a haƙori. Na tankaɗe tokar murhu, na cuɗa su, na ɗura a tulu har wuya, na ƙara toka a sama, na liƙe bakin da laka. Surukata tana zaune tana kallo, ta ce, “Yarinya, wake kike ajiyewa ko gawa kike binnewa?”

Wata bakwai hankalina bai kwanta ba. Da rana, in gida ya yi tsit, sai in kara kunne a jikin tulun, don an ce ana jin ƙwaro in yana ci. Wata rana na ji ƙus-ƙus, har na ɗauko muciya zan fasa. Ashe kaza ce take tono a bayan bango.

Da ruwan shuka ya sauka na fito da tulun tsakar gida, na ɓalle lakar. Na juye a rariya, toka ta zube, wake ya rage fari tas. Na baza shi a faifai ina juyawa da yatsa, ban ga huda ko ɗaya ba. Surukata ta ɗauki ƙwaya ta ciza, ta daɗe tana taunawa.

“Ke, auna min rabin kwano,” ta ce, “kafin mijinki ya shigo.”

Na auna mata har da ƙari. Washegari na goya yarinya na tafi gona. Kwana huɗu da shuka na koma, na bi kunya-kunya ina dubawa, kowane rami ya tsiro.