Baffa Ɗantala da Hantar Layya

Baffa Ɗantala ƙanen mahaifina ne, shi ne autan kakanmu Malam Ubale na Gagarawa, kuma shi ne na farko a zuriyarmu da ya riƙe sitiyari. Sauran 'ya'yan Malam duk manoma ne, gero da wake da gyaɗa. Shi kuwa tun yana saurayi ya bi wata babbar mota mai kai gyaɗa Kano, a can ya koyi tuƙi. Bayan shekarun fari wani Alhaji a Gumel ya damƙa masa mota ƙirar Fijo ruwan toka, ya shiga jigilar mutane tsakanin Gumel da Maigatari da Gagarawa, in ta kama har Sule Tankarkar.

A gida ba shi da magana. Zai iya wuni a zaure ba ka ji komai daga bakinsa ba sai "to" da "madalla". Amma da ya tada mota sai bakin ya buɗe. Fasinjojinsa sun san ciwon haƙorinsa, sun san sunan yarinyar da ta ƙi shi a Gumel, alhali mu ba mu sani ba. Su ma ba sa raga masa. Akwai wata Bafillatana da ta shiga da ƙwaryar kindirmo a cinya daga Maigatari, gargadar hanya ta yi ta kaɗa shi, kafin su kai Gumel man shanu ya taso. Tun daga ranar ba ta shiga motar kowa sai tasa, kuma in ya kauce wa rami sai ta ce, "Kai direba, ina za ka? Ga hanya can ka bari!"

A gidanmu akwai al'adar Babbar Sallah da ba a taɓawa. Maza ba sa sa komai a baki tun asuba, sai an sauko daga idi, Malam ya yanka rago, an gasa hanta. A akushi ɗaya ake zubawa, Malam ya zauna da 'ya'yansa a gindin darbejiya su ci tare. To, tun da Baffa ya sami mota bai ƙara sa hannu a akushin nan ba. Da an kwantar da rago sai wani ya ce, "Ɗantala, kafin hanta ta gasu, yi maza Gumel ka ɗauko Gwaggo Larai." Gwaggo Larai ƙanwar Malam ce, kuma tun da aka haife ta ba a taɓa samunta a shirye ba. Sai ta nemi ɗankwali, ta ba kajinta ruwa, ta yi sallama da maƙwabta gida-gida kamar mai tafiya Makka. Kafin su iso an wanke akushi an kife. Kowace shekara haka. Ba wanda ya yi da mugunta. Mu dai mun ɗauka mai mota yana son tuƙi ne.

Shekarar da na shiga aji biyu na sakandare, na zo hutun Sallah, abin da zan faɗa ya faru. Ranar jajibere Baffa ya je Maigatari ɗauko ragonmu, wani ƙosasshen uda da aka yi wa kiwo a rugar abokin Malam. Ya ɗaure shi a bayan mota. A tasha ya ɗauki fasinjoji, cikinsu har da Kande mai daddawa, maƙwabciyarmu, da wani dattijo Malam Cindo wanda idonsa ya fara rauni. Shi ma da nasa udan, rabi baƙi rabi fari kamar namu, sai dai nasa kana iya ganin haƙarƙarinsa daga nesa. Malam Cindo ya roƙi a yi ratse a sauke shi a ƙauyensu kusa da Sule Tankarkar.

Ana cikin tafiya dattijon ya ce, "Ɗana, gobe kai ma ka huta ka ci hanta da mahaifinka."

Baffa ya yi dariya. "Wace hanta, Baba? Ni a gidanmu hayaƙinta kawai na sani. Direba nake, ba ɗa ba. Bana ma ba zan shiga ba. In ajiye musu ragonsu in wuce, in yi Sallata a tasha."

"Subhanallahi," in ji Malam Cindo.

Kande ta kasa kunne, wanda duk ya san ta kuwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da suka isa ƙauyen, mota ta yi zafi. Baffa ya buɗe gaba yana zuba ruwa a lagireto. Dattijon ya miƙa sanda wajen raguna ya ce wa 'ya'yansa, "Ga shi nan." Su kuwa suka kwance wanda ya fi cika musu ido, suna yi wa tsohonsu barka da iya ciniki.

Da almuru suka iso Gagarawa. Baffa bai ko kashe mota ba, don kada wani ya fito ya gan shi. Ya miƙa wa Kande igiya ya ce ta taimaka ta shigar da ragon, ya ja mota ya tafi Gagarawa Tasha wurin wani abokinsa mai shayi. Kande ta shigo mana da rago a hannu da labari a baki. Ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji ta durƙusa gaban Malam ta zayyane masa komai, har da kwaikwayon muryar Baffa. Mahaifina kuwa, Barau, ba labarin ne ya dame shi ba. Fitila ya ɗauko ya haska ragon, ya zagaya shi, ya ce, "Wannan kuma gawar wa aka kawo mana?"

Da sassafe Baba ya hau keke ya iske Baffa yana shan shayi, ya shaida masa ragon da aka kawo ba namu ba ne. Baffa da kansa ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya ce kofin ma bai ajiye daidai ba, ya faɗa mota. A Gumel ya tsaya ya yi idi, ya ci gaba da gudu, amma ko da ya isa ƙauyen har an feɗe ragonmu, an baje shi a kan itace gefen wuta irin yadda mutanen iyaka ke yi.

Da Malam Cindo ya fahimci abin da ya faru sai ya kama salati, ya juya kan 'ya'yansa. "Ku da kuke da idanu! Ni na taɓa sayen rago mai wannan kitse tun da kuka san ni?"

Babban ɗan ya ce, "Mun ɗauka bana Allah ya buɗa ne, Baba."

Baffa ya ce shi dai a ba shi abin da zai faɗa a gida. Dattijon ya ce za a san abin yi, amma ba mai fita daga gidansa ranar Sallah da yunwa. Ya kamo hannun rigarsa ya zaunar da shi a tabarma tsakanin 'ya'yansa, aka kawo hanta da ƙoda da yaji. Baffa ya ce tun yana nuna kunya har ya saki jiki. Aka ƙara masa tuwon gero, aka bi da fura. Ya ce da ƙyar ya shiga tsakanin kujera da sitiyari. Suka sa masa cinyoyi biyu a bayan mota, da saƙon ban haƙuri ga Malam.

A nan gida kuwa Malam ya ce ragon da ya kwana a gidansa shi zai yanka. Daga baya malamai sun yi ta gardama a kan layyar nan, ban san inda suka tsaya ba. Aka gasa 'yar hantar, aka zuba a akushi, su Baba suka wanke hannu suka matso. Malam ya ɗauki faifai ya rufe.

"Sai Ɗantala ya zo."

"Malam, ai ba a san lokacin da zai dawo ba," in ji Baba.

"To, ba a san lokacin da za ku ci ba ke nan."

Haka suka zauna, manyan magidanta da gemunsu, tun hantsi har aka yi azahar, rana ta karkata. Mu mata muna ciki muna ta cin tuwonmu, muna leƙensu ta katanga. Baba ya tashi ya duba hanya ya fi a ƙirga.

Gab da la'asar Fijo ta tsaya a ƙofar gida. Baffa ya shigo da cinya a kowane hannu, ya durƙusa zai fara bayani. Malam ya ɗaga masa hannu.

"Ajiye wannan. Wanke hannunka ka zo nan kusa da ni."

Baffa ya dubi akushin da aka buɗe, ya dubi 'yan'uwansa da leɓunansu suka bushe, sai ya gane. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya zauna a hankali, yana dafe da ciki.

Baba ya ƙura masa ido. "Ɗantala, wannan maiƙon na gaban rigarka fa?"

"Na inji ne, Yaya."

"Injin da ake barbaɗa wa yaji?"

"Barau, bar shi," in ji Malam. Ya zaɓi yankan da ya fi girma, wanda kusan shi ne rabin hantar, ya tura gaban autansa. "Ci. Tun asuba yaron nan yake kan hanya ba abin da ya ci."

Baffa ya yi bismillah ya kai baki. Yana taunawa gumi na keto masa, su Baba na rabon ɗan abin da ya rage suna hararsa. Da ya haɗiye, Malam ya sake turo masa wani.