Ranar da Na Ƙi Rusunawa

Jaradiya, 4:15 na asuba

Na bar gida Hadiza da yara suna barci. A garejin kamfaninmu na hayar motoci muka yi sallah, na sha shayi da burodi na riyal uku. Mudir, manajanmu, ya tara mu direbobi shida.

"Ministan Japan za ku ɗauka. Idan ya fito, kowa ya duƙa kamar yadda suke yi a ƙasarsu."

Na ce, "Ya Mudir, ruku'u na Allah ne. Zan gaishe shi da girmamawa, amma ba zan duƙa ba."

"Sulaiman, iƙamarka saura wata biyu," in ji shi. Ya san idan bai sabunta mini takardar zaman ba, sai Kano.

Unguwar Ofisoshin Jakadanci, 7:30

Kilomita goma muka yi. A ƙofa sojoji suka duba iƙama, suka leƙa but ɗin motocinmu. Ministan ya fito, ɗan tsamurmurin dattijo mai furfura. Direbobi biyar suka lanƙwashe, ni na tsaya ƙyam na ɗora hannu a ƙirji. Sai motata ya nufa.

Hanyar Nasiriya, 8:05

Ta bakin tafintansa ya tambayi dalilin ƙin duƙawata, na faɗa masa, har da barazanar Mudir. Ya yi dariya, ya ce shi lauya ne tun asali, ma'aikatan da aka kora yake karewa a kotu. Da ya gaji da dokokin da ke kayar da su, ya tsaya takara, ya faɗi, ya sake tsayawa ya shiga majalisa, har aka ba shi minista.

Sai ya ce, "In yi wa maigidanka magana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, jibi kana Tokiyo, ni ina nan. Bar ni da shi."

Da zai sauka a ma'aikatar da zai yi taro, hannu ya miƙo mini.

Gareji, 3:40 na yamma

Mudir ya ce, "Ba ni haƙuri a gaban direbobi, magana ta wuce."

Na ajiye masa makullin motar a kan tebur.

Tasi na hau zuwa Jaradiya. Hadiza ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Da ka duƙa, da kai za ka dafa wa kanka tuwo." Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida lafiya. Washegari na fita neman sabon aiki.