Karfatar Gada da Rogon Baba

Ina kan keke ina ɗinka wuyan wata riga a shagona da ke Gummi wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne daga gida. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika, yanzu da hantsi." Na yi salati, na sake yi, sannan na lura ƙafata ba ta daina taka keken ba. Allura ta bi ta kan aljihu ta ɗinke bakinsa. Na rufe shago na nemi babur.

Garinmu yana cikin ƙasar Bukkuyum, ta wajen Gwashi. Na isa an gama yi masa sutura, ana jirana. Bayan la'asar muka kai shi. A maƙabarta na hango Kawu can baya, ya dogara da sanda, bai matso kusa da kabarin ba. Kawu ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mafarauci tun tasowarsa. Mutum ne da ba a taɓa ganinsa a bayan taro ba. Na san abin da ya tsayar da shi can, kowa a gidanmu ya sani. Akwai shari'a tsakaninsa da Baba, shekara tara ke nan, kuma ba a gama ta ba.

Baba yana da garka a bakin fadama, inda yake dasa rogo. Gonakinsa na gero da dawa ya bar mana mu yi yadda muka ga dama, amma garkar nan tasa ce shi kaɗai. Ya kewaye ta da shingen ƙaya mai kauri, ya yi mata ƙofa da asabari, kuma ko ni da na girma na yi iyali sai na yi sallama kafin in shiga. Yakan ce rogo ya fi mutane sanin mutunci, inda ka ajiye shi nan za ka same shi.

A wancan rani, shekara tara baya, daji yana shiguwa, ba kamar yanzu ba. Mafarauta sukan fita da safe da karnukansu da gorori, mai kalangu yana gaba. Ranar da abin ya faru sun tayar da gada a bayan gari. Gada ta rasa inda za ta sa kanta, ta yi tsalle ta faɗa garkar Baba. Karnuka suka kutsa ta ƙarƙashin ƙaya. Mutane kuwa ba sa tsalle kamar gada, ba sa kutsawa kamar kare, don haka suka sa gorori suka buɗe wa kansu hanya, Kawu ne a gaba. Suka kama gadar a tsakiyar rogo, bayan sun zagaya garkar sau uku. Da suka tafi ba wanda ya tuna ya mayar da ƙayar. Kafin la'asar awakin unguwa sun gano ƙofar da aka buɗe musu, suka shiga suka ƙarasa abin da ƙafafu suka rage.

Na zo gida a makon nan, ni na raka Baba ya ga ɓarnar. Ya tsaya a tsakiyar garkar. Sannan ya ɗauki wani karan rogo da aka karya, ya juya shi, ya ce, "Wanga aiki sai Anka." A wurin Baba har ya bar duniya Anka ce ƙarshen hukuma, don can ake kai babbar magana a ƙuruciyarsa. Na ce masa a fara da hakimi. Ya yarda, amma ya ce in sani Anka tana nan.

Mafarautanmu suna da al'ada. Idan aka kashe dabba a gonar mutum, ana cire karfata, wato ƙafar gaba da kafaɗarta, a aika wa mai gona. Idan ya karɓa ya ci, ya yafe shigar da aka yi masa ke nan, magana ta mutu. Idan ya mayar, to, akwai ƙara. Kawu ya san hali, bai aika wa Baba ba. Ya ba matarsa ta shiga da ita cikin gida ta miƙa wa Inna.

Da yamma aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, nama ya yi mata yawa fiye da yadda muka saba. Baba yana ci yana tsara abin da zai faɗa gaban hakimi. Zai nemi a kama karnukan duka. Zai nemi a hana kalangu fita shekara guda. Ya tsaya ya tsotsi ƙashi, ya ɗaga murya ya ce, "Innar yara, wagga akuya ta sha kiwo. Wajen wa anka sayo?"

Daga ɗakin girki Inna ta ce, "Ci dai, Malam, Allah ne ya kawo."

Ya nemi ƙari. Ni ma na ci nawa, kuma na san ba akuya ba ce tun daga lomar farko. Na yi shiru. Naman ya yi daɗi, wannan ita ce gaskiya, ba ni da wani uzuri da ya fi ta.

Washegari muka taru a zauren hakimi. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Kawu ya zo da shugaban mafarauta, wanda muke kira Sarkin Baka, dattijo mai ido ɗaya da magana a hankali. Baba ya yi bayani tiryan-tiryan, har da yawan kunyoyin da aka tattake. Hakimi ya juya ga Sarkin Baka.

Sarkin Baka ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓarna kam an yi. Tambaya guda gare ni. An kai rabon mai gona?"

Kawu ya ce, "An kai."

Baba ya ce, "Ban gani ba."

Sarkin Baka ya ce, "An ci?"

"Wa zai ci? Ni? Ko da yunwa za ta kashe ni!"

Kawu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariyar da yake dannewa. Hakimi ya dube ni ya ce, "Kai ɗan gida ne. Mi kunka ci jiya?"

Na dubi Baba, na dubi tabarma. Na ce tuwon dawa. Hakimi ya ce miya fa. Na ce kuka. Ya ce ita kaɗai? Na ce da nama. Ya ce na mi? Na ce na gada.

Wani daga bakin ƙofa ya kasa riƙe dariyarsa. Kawu ya ɗago ya ce, "Yaya, an ce har ƙari ka nema. Da na sani da na haɗo da cinya."

Baba bai kula shi ba. Ni ya juya ya kalla, ya ce, "Kai ma?" Kalma biyu ke nan, kuma har yau ina jin su.

Hakimin nan mutum ne mai hankali, Allah ya jiƙansa. Ya ce maganar shiga gona ta mutu, tunda an ci, ko da sani ko babu. Amma karfata ba ta toshe shinge, kuma ba gada ce ta bar wa awaki ƙofa ba. Wannan laifin yana kan wanda ya ja gaba. Ya ce tunda abin na gida ne, ba zai sa baki ya yanke ba. Mai garka ya je ya yi tunani, duk hukuncin da ya ga ya dace da ƙanen matarsa ya faɗa, shi kuma zai tabbatar an yi. Kawu ya ce ya yarda. Aka shafa fatiha.

Da muka koma gida Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ke, da saninki kinka yi." Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni nama anka ba ni, na dafa. Ban san ana yi wa miya shari'a ba." Daga ranar Baba bai sake cin nama ba sai ya tambayi asalinsa. Ko ranar Layya, ragon da ya yanka da hannunsa, sai ya ɗaga tsoka ya duba ta gaba da baya.

Shingen shi ya gyara abinsa cikin kwana biyu. Kawu ya zo da gatari zai taya shi, Baba ya kore shi, ya ce ba zai bari mai laifi ya zaɓar wa kansa hukunci mai sauƙi ba. Daga nan aka shiga nazari.

Hukunci na farko da ya kawo shi ne Kawu ya sayar da karnukansa. Ya kwana biyu da wannan, sannan ya ce karnuka ba su da laifi, inda aka nuna musu suka bi. Ya ce to Kawu ya dasa masa rogo damina uku. Sai ya tuna yadda Kawu yake noma, ya ce wannan ai rogon za a hukunta, ba Kawu ba. Ya yi tunanin a sa shi ya zagaya kasuwa da ganyen rogo a ka, Inna ta ce in an yi haka ita ma za ta bi bayansa da tukunyar miyar, aka bar wannan. Akwai shekarar da ya ce a hana shi shiga gidanmu wata shida. Ya lissafa ya ga azumi zai faɗo ciki, kuma Kawu ne yake kawo masa zuma ta buɗa baki. Ya ce a ɗage.

Duk Sallah Kawu yakan zo gaisuwa. Ya durƙusa a zaure ya ce, "Yaya, barka da Sallah. An yanke?"

Baba ya ce, "Kai, sarkin ɓarna, gaggawar mi kake? Wanda za a hukunta shi ka tambaya?"

"Ina tsoron in tsufa ne, hukuncin ya iske ba ni da ƙarfin ɗauka."

"Wanda ya iya fasa ƙaya da gora ba ya tsufa. Zauna ka ci tuwo. Naman akuya ne, na bincika."

Haka suka yi ta yi. Hakimin ya rasu aka naɗa wani, Baba ya sa rigar Juma'a ya je ya sanar da sabon cewa akwai magana a ajiye. Daji ya lalace, farauta ta tsaya, samarin da suke bin Kawu wasu suka tafi haƙar zinariya. Karnukan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, bai sake kiwon wasu ba. Ita kanta garkar, a shekarun baya-bayan nan ba kullum ake iya zuwa ba. Amma tambayar Sallah ba ta fasa ba, amsar ma haka. Mu duk mun ɗauka wasa ne. Ina jin Baba ma haka ya ɗauka, ko da yake ban taɓa tambayarsa ba.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Kawu ya kira ni bayan zaure. Ƙafarsa ta dama ta kumbura, da ƙyar ya zauna a kan turmi.

Ya ce, "Ɗana, bai bar maka magana ba?"

Na ce wace magana, Kawu.

"Tawa. Bai ce ga abin da ya yanke ba?"

Na ce bai ce ba. Ciwon bai ba shi lokaci ba, kwana biyu ne kawai. Na ce amma wannan ai ya wuce, mu mun yafe, Inna ta yafe, duniya da lahira.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ku kun yafe naku. Shi bai ce ya yafe ba, cewa ya yi shina nazari. Ni na fasa shingen nan da hannuna, kuma na yi mashi dariya gaban mutane. Hakimi ya ba shi baki, yanzu bakin ya dawo gare ka, kai ne babba. Ka yanke mani ko mi ne ne in yi, in huta."

Na kai shi wurin limamin garinmu. Liman ya yi masa bayani da kyau, ya ce yafewar magada ta isa, ya ƙara da yi wa mamaci addu'a da sadaka. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya. Da muka fito ya ce mini, "Malam ya yi gaskiya. Amma Malam bai ga rogon ba."

Na zauna na yi tunani kamar yadda ya roƙa. Shinge ba ya bukatar gyara. Karnuka babu. Noma ba zai iya ba, ko sunkuyawa ba ya yi. Na ce ko ya ciyar da mutum goma, sai na ga da abincin gidansa zai yi, matarsa ce za ta ji a jikinta. Na ce ko ya karanta wa Baba Ƙulhuwallahu kullum bayan asuba, Inna ta ce tun ranar jana'iza yake yi, ba wanda ya sa shi. Duk abin da na ɗauko, ko ya yi masa nauyi, ko ya yi sauƙin da zai gane lallashinsa nake yi, kuma Kawu ba yaro ba ne.

Ranar da zan koma Gummi na shiga sallamar Inna. Tana cikin takaba, tana zaune a kan tabarma da carbi. Ta ce, "Ka ga ƙafar kawunka?" Na ce na gani. Ta ce, "To ka yanke mashi. Ni na dafa, kai ka ci ka yi shiru, shi kaɗai ya kwashe shekara tara shina tambaya. Kada shi ma ya tahi da ita."

Na yi mata alkawari zan dawo bayan girbin gero da magana a bakina. An girbe gero na je, na gaishe shi, na kai masa maganin shafawa, muka yi hirar farashin taki. Ya raka ni da ido har ƙofa, bai tambaya ba. Yanzu an girbe dawa. Ƙanena ya ce ƙafar ta hana shi zuwa masallaci. Har yau ban yanke wa Kawu hukuncinsa ba.