Jaridar da Aka Ƙunshe Ƙosai da Ita

A shekarata ta biyu a jami'a aka ce kowa ya zaɓi fannin aikin jarida da zai ƙware a kai: rubutu, rediyo ko talabijin. Malaminmu ya kira ni ofis, ya ce mai alƙalami irin nawa jaridar Turanci ce ta dace da shi, wai rediyon Hausa matattarar waɗanda karatu ya kayar ce.

Raina ya ɓaci. Na tuna ranar kasuwar Ajingi da na kai wa Baffana rubutuna na farko da aka buga, a kan cutar da ta cinye mana gyaɗa. Ya jujjuya takardar, ya sa mini albarka, sannan ya miƙa wa mai ƙosai ta ƙunshe mana. Ba wulaƙanci ba ne. Bai yi boko ba, kuma a garinmu amfanin jarida ke nan.

Na ce, "Malam, rediyo zan yi."

Ya ce, "Za ka binne kanka da ranka."

Na ce, "Allah gafarta Malam, a binne ni inda Baffa zai ji ni. Murya dai ba a ƙunshe ƙosai da ita."