Ruwa Bayan Salla

Na tsira daga hari sau biyu, na tsira daga cutar agana. Abin da ya kusa kayar da ni wani ɗan itace ne mai ƙaya da bai kai gwiwata ba.

Ubangidana falke ne. Wata shekara ya dawo daga Kano da dashe uku a tukwane, ya ce sunan abin wardi, wani Balarabe ya ba shi. Aka yi musu rumfar zana a bayan gida saboda rana. Da zai koma fatauci ya kira ni.

"Ka riƙa ba su ruwa bayan salla. In na dawo sun mutu, rinji za ka koma."

Rinjin nan, ƙauyen bayinsa masu noma, yana bakin daji, can mahara suka taɓa kama ni. Na ce to, ban tambayi wace salla ba. Biyar na sani, biyar na yi: ina sallamewa sai rijiya, tulu guda kowace tukunya. Ni da ban cika yin salla a kan lokaci ba, har liman ya fara yaba mini.

Da ganye ya soma rawaya na ce ƙishi ne, na ƙara da walaha.

Wata tsohuwa Bagwariya da ke kawo mana tukwane ta leƙo rumfar, ta tsaya tana kallona.

"Ɗana, shinkafa kake nomawa?"

"Wardi ne, Iya. Ba ki san shi ba."

"Ban san shi ba, amma na san tukunya. Sa yatsa."

Na sa. Taɓo ne, har yana wari. Ta huda gindin tukwanen da tsinke, ta ce kada in sake zubawa sai ƙasa ta daina manne wa yatsa, shi ma da sassafe. Biyu sun riga sun ruɓe. Na ukun ya yi kwanaki kamar sanda, ina zaune gabansa da tulu ina hana kaina, sannan ya yi toho.

Maigida ya dawo, na durƙusa na faɗa masa duka.

"Asuba nake nufi," in ji shi. "Sau biyar?"

"Shida, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana duban tohon. Ya ce in zauna a gida, amma tulun a ɗaure shi a turakarsa, in zo in roƙa duk ranar da zan zuba.