Marigayi Rafali da Labulen Zauren Zaɓe

Haihuwa da asali

An haifi marigayin, wanda ma'abota ƙwallon ƙafa suka laƙaba wa Rafali har sunansa na yanka ya ɓace a bakin jama'a, a shekarar 1946, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, cikin wani gida mai ɗaki uku da ke bayan rumbunan ajiyar kaya. Mahaifinsa mai gyaran keke ne a bakin titin tasha, mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce wadda rabin yaran unguwar suka faɗo a hannunta. Shi ne na biyu a wurin iyayensa. Wansa, wanda daga bisani aka fi sani da Koci, shi ne ya fara jan hannunsa zuwa filin da ke bayan tasha, inda aka gano tun da wuri cewa yaron bai iya buga ƙwallo ba, amma ba a taɓa kayar da shi a gardamar ko ta fita ko ba ta fita ba.

Karatu da fara aiki

Ya shiga makarantar firamare a 1953, ya zarce kwalejin horon malamai a 1961, sannan a 1965 aka tura shi koyar da lissafi a makarantar da ya yi. A 1969 ya halarci kwas ɗin alƙalancin wasa na hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ya fito da sakamako mafi kyau, aka ba shi usur da baƙar riga wadda ta yi masa yawa, har sai da mahaifiyarsa ta rage ta da allura. Cikin shekaru kaɗan ya shahara da hukunci na ba sani ba sabo, kuma an tabbatar cewa ya taɓa ba wa wansa jan kati a gaban mahaifinsu saboda ya shigo fili yana masifa, abin da ya sa aka yi mako guda ba a ci abinci a kwano ɗaya ba a gidan.

Aure

A 1972 ya auri wata ma'aikaciyar jinya da ke ɗaure wa 'yan wasa targaɗe a asibitin garin. Allah ya haɗa shi da mace mai barkwanci, alhali shi dariya tana yi masa wuya, kuma ita kaɗai ce aka san tana yanke masa hukunci ya karɓa bai ɗaukaka ƙara ba. Sun zauna shekara arba'in da bakwai tare.

Babban taron 1978

A wancan zamani al'adar hukumar ita ce a zaɓi shugaba da ɗaga hannu. Wakilan yankuna da na kulob-kulob sukan taru a dogon zauren wani otal, ƙarƙashin fankoki masu ƙara, shugaba mai ci yana zaune a kan dandamali yana fuskantar su. Idan aka kira sunansa sai ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar, sannan ya bi kujeru layi layi da kallo yana tantance hannun da ya tashi da wanda ya yi nauyi. Shugaban na lokacin, dattijo mai fara'a da dogon riƙo, an fi saninsa da Baba Sai-Kai, domin abin da wakilai ke amsa masa da shi ke nan a kowane taro.

Rafali ya halarci taron 1978 a matsayin ɗan kallo daga ɓangaren alƙalan wasa, waɗanda ba su da ƙuri'a a lokacin, yana zaune a kujerar baya. Wansa Koci kuwa wakili ne na kulob ɗin garinsu da yake horarwa a filin bayan tasha, kuma ya riga ya yi wa ɗaya ɗan takarar alkawari, saboda haka da aka kira sunan Baba Sai-Kai ya bar hannayensa a kan cinya. Ba wanda ya ce masa uffan. Sai dai kafin a buɗe kakar wasa ta gaba, kwamitin duba filaye ya bayyana cewa filin bayan tasha bai cika sharuɗɗa ba, aka mayar da wasannin gida na kulob ɗin wani gari mai nisan yini guda a mota, 'yan kallo suka daina zuwa, 'yan wasa suka watse, kulob ɗin ya faɗo daga rukunin farko bai sake tashi ba. Koci ya koma rumfar mahaifinsu yana liƙin taya.

An ruwaito cewa da Rafali ya je yi masa jaje, ya tarar da shi durƙushe da tayar keke a cikin kwanon ruwa yana neman inda ta huje, sai Koci ya ce masa: "Ƙanena, kar ka ga laifin hannuna. Idon da ke kallon hannun ne ya kashe mu." Daga wannan rana marigayin ya ƙudurta a ransa cewa in Allah ya ba shi iko, sai wakili ya zaɓi wanda yake so ba tare da ido na kansa ba.

Shiga hukuma da shugabanci

Ya ajiye usur a 1991, aka naɗa shi shugaban kwamitin alƙalan wasa a shekarar da ta biyo, inda ya shafe shekara goma yana gabatar da shawarar ƙuri'ar sirri a kowane taro, ana yaba masa hikima, ana ɗage maganar zuwa taro na gaba. A 2002 rashin lafiya ta tilasta wa Baba Sai-Kai sauka, manyan hukumar suka kasa jituwa a kan magaji a tsakaninsu, sai suka ga babu wanda ya fi dacewa da riƙon kujerar kamar wannan malamin lissafi da ba shi da jama'a, suna zaton zai yi sauƙin juyawa. Aka kira sunansa, hannaye suka tashi gaba ɗaya, kuma waɗanda suka zauna kusa da shi sun shaida cewa ƙasa ya riƙa kallo har aka gama ƙirgawa.

Bai yi sauƙin juyawa ba. Ya ƙayyade wa shugaba wa'adi biyu, ya ba ƙungiyar 'yan wasa da ta alƙalai da kulob-kulob na mata kujeru masu ƙuri'a, ya mayar da duba filaye hannun injiniyoyi, ya kuma hana wakilai cika jirgin tawagar ƙasa da sunan rakiya, lamarin da ya fi duk sauran yi musu ciwo. A babban taron 2004 ya gabatar da sabon kundin tsarin mulki, mai ɗauke da ƙuri'ar sirri. Da yake tsohuwar doka ce ke aiki a ranar, da ɗaga hannu aka amince da shi, shi kuma yana kan dandamali yana kallon su da idon nan nasa na filin wasa. Ba hannun da ya yi nauyi. A nan ne marigayin ya yi kuskuren da mutum mai tsarkin zuciya kaɗai zai yi, domin shi da ya fi kowa sanin abin da ke ɗaga hannu a zauren nan, ya koma gida yana murna cewa wakilai sun gamsu da hujjojinsa.

Zaɓen 2006

Da zaɓe ya ƙarato, wani mai kamfanin motocin sufuri, wanda ake kira Mai Motoci, ya fito takara da shi. Wakilai suka riƙa tururuwa zuwa gidan Rafali, kowa ya zauna a falo ya sha shayi ya rantse cewa ana tare, har maiɗakinsa ta gaji da wanke kofuna. Ita ce ta fara yi masa hannunka mai sanda, ta ce: "Malam, mutanen nan fa shayinka suke sha, amma ba wanda ya haɗa ido da kai. Ni majinyaci in ya riƙa kallon bango yana cewa ya warke, ba na sallamarsa." Ya amsa mata da cewa zato zunubi ne.

Sakataren hukumar, mutum mai wayo kuma mai ƙaunarsa da gaske, ya fi ta sanin inda aka kwana. Tun lokacin rubuta kundin ya bar wata ƙofa a ciki: idan wani wakili ya miƙe ya nemi a amince da ɗan takara baki ɗaya, kuma ba wanda ya tashi ya ƙi, to ba sai an kaɗa ƙuri'a ba. Da safiyar zaɓen ya tare shi a barandar otal, ya ce: "Ranka ya daɗe, na shirya wanda zai miƙe. Kai dai ka zauna ka kalle su. Wallahi ba mai iya tashi a gabanka ya ce a'a. In kuwa ka bari suka shiga bayan ƙyallen can, sun cinye mu."

Rafali ya daɗe yana kallon kusurwar zauren, inda aka ɗaura waya tsakanin ginshiƙi da taga, aka rataya wani shuɗin labule da aka aro daga ɗakin otal, da ƙaramin tebur da akwati a bayansa. Yana son kujerar, ba don daɗinta ba, sai don rabin aikinsa na nan bai kammala ba, kuma a karo na farko ya ji a jikinsa cewa Sakatare gaskiya yake faɗa. Duk da haka ya ce: "Wato in cire tabarau in goge ke nan. A'a, Sakatare. Ka gaya wa mutuminka ya zauna." Sannan ya sa aka juya kujerarsa ta ba wa labulen baya, don kada wani ya ce ya ga fuskarsa yayin shiga.

Wakilai sittin da ɗaya ne suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Da aka zazzage akwatin aka ƙirga, Mai Motoci ya sami hamsin da huɗu, Rafali ya sami bakwai. Mutanen da suka sha shayinsa suka shiga duba takalmansu. Marigayin ya miƙe, ya karanta sakamakon da bakinsa, ya miƙa wa abokin takararsa hannu, ya tattara takardunsa ya fita ta tsakiyar kujeru. Ba za a ɓoye ba, abin ya ƙona masa rai matuƙa, kuma iyalinsa sun ce ya yi watanni bai kunna rediyo lokacin labarin wasanni ba. Wansa Koci, wanda tsufa ya riga ya kama, shi kaɗai ya zo masa da fara'a, ya ce: "Hamsin da huɗu sun ƙi shugaba, kowa ya koma gida filinsa na nan. Ka sha ƙasa, ƙanena, amma ni yau na yi barci."

Shekarun ƙarshe

Bai sake neman muƙami ba. Ya koma garinsu yana horar da sababbin alƙalan wasa kyauta a filin makarantar da ya koyar. Shugabannin da suka biyo bayansa sun warware wasu gyare-gyarensa, jirgin tawaga ya sake cika da 'yan rakiya, amma duk wanda ya yi yunƙurin dawo da ɗaga hannu sai wakilai su ƙi, domin sun ɗanɗana. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa tambayar su wane ne bakwai ɗin ba, ko da yake maiɗakinsa ta ce takan gan shi zaune yana lanƙwasa yatsu, ya kai huɗu ko biyar, ya girgiza kai ya sake.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a asibitin garinsu a shekarar 2019, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da uku, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan tasha, kusa da mahaifinsa da wansa. Ya bar maiɗakinsa da 'ya'ya biyar: babban ɗansa, likitan dabbobi, mai bi masa, malamar makaranta, tagwaye maza, ɗaya injiniyan ruwa, ɗaya mai shagon kayan keke, da 'yar autarsa, wadda take alƙalancin wasa a gasar mata, sai jikoki goma sha ɗaya.

Wakilan taron 2006 da ke raye kusan duk sun zo ta'aziyya. Babban ɗansa ya bayyana cewa kowannensu sai ya ja shi gefe, ya riƙe masa hannu, ya rage murya ya ce: "Ɗana, kar ka gaya wa kowa, ni ina cikin bakwai ɗin nan." Ya ce da suka haura talatin sai ya daina ƙirgawa, kuma ya yi wa kowane ɗayansu godiya da zuciya ɗaya, domin dokar da mahaifinsa ya kafa ba ta bar masa hanyar da zai ƙaryata ko mutum guda ba. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa.