Bijimin da Aka Hana Ni

Shekarata saba'in da shida, wannan al'amari kuwa shekara biyar ke nan da aukuwarsa, amma har yau idan na bi ta Tarauni sai na kawar da kai daga wata ƙofa.

Ina da saniya guda a bayan gidana na Gyaɗi-Gyaɗi, ita kaɗai ta rage daga tsatson garken mahaifina. Ta manyanta, ba ta bar karsana ba. Lalurarta ita ce jinkirin neman barbara. Sai ta share watanni shiru, ranar da abin ya motsa kuwa bai fi wuni guda ba. Unguwa ta cika da gine-gine, bijimin da ake saki ya zama tarihi, duk bijimin da ka gani a turke yake, ana ɗura masa dusa saboda wuƙa.

Wata safiya ta ƙi abinci, tana kuka tana fizgar igiya. Na gane. Na ja ta da ƙafa, maƙwabcina tela yana taya ni riƙe igiya, zuwa gidan wani Alhaji a Tarauni, ɗan aminina marigayi, wanda ke turke da bijimai, ya kuma sha yi mini alkawarin aron ɗaya. Ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi.

Ya fito yana sakace, ya ce, "Baba, waɗannan na nama ne. In ɗaya ya hau mace zai zube, ga Sallah ta matso."

Na ce, "Hawa guda ne zai rame shi? Kai da ka tara 'ya'ya cike da gida, ban ga ka zube ba."

Ya yi dariya, ya ce in dawo bayan Sallah, sai ka ce saniya tana duban wata. Wani bijimi yana jiyo ta daga ciki yana gurnani, ita tana amsawa, katanga kawai ke tsakaninsu. Na tsaya a rana har azahar, ba a buɗe ba.

Da Sallah ta zo aka yanka bijiman duka. Ita kuwa ba ta sake nema ba har ta kwanta, na kira mahauci. Jinin shanun da mahaifina ya gada a wurin nasa mahaifin a nan ya ƙare, domin a tsare wa wani teɓar tozo.

Da Sallar nan Alhajin ya aiko mini da cinyar bijimi, na mayar masa.

Maƙwabcina tela da ya riƙe mini igiya yana raye, haka nan mai gadin gidan Alhajin, wanda ya kasa haɗa ido da ni. A tambaye su.